Wasan Kwaikwayon Da Ba Ya Bukatar Takarda

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta)





Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu jawabi, kuma in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san abin da yake zato. Ma'aikacin gwamnati ne, to ai sai ladabi da biyayya, ko muhimmancin ilmi, ko yadda ake neman aiki. Da na ce masa a kan wasan kwaikwayo zan yi magana, sai ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ya nisa ya ce, "Wasa fa ka ce? A gaban manya?" Na ce masa wasa, a gaban manya. Saboda haka in abin bai yi daɗi ba, kada a ga laifin sakatare, ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana ni.

Irin wasan da nake nufi shi ne wanda ba a rubuta shi a takarda balle a haddace. Ana ba 'yan wasa ƙashin labarin ne kawai, a ce kai ne wane, kai kuma wane, ga inda kuke, ga abin da ya haɗa ku, sa'an nan a sakar musu fili. Duk maganar da za ta fito daga bakinsu a nan take suke ƙirƙiro ta. Don sauƙin magana zan riƙa kiran sa wasan nan-take. Bukatar da na zo da ita gaban wannan ƙungiya ita ce mu taimaka a mayar da koyar da shi a makarantar nan. Amma kafin in kai ga roƙo, bari in faɗi dalili.

Na shigo makarantar nan ina yaron da ba ya iya haɗa ido da kowa. Waɗanda muka yi aji ɗaya suna nan, ga su can suna dariya, sun tuna. In malami ya yi tambaya, ko na san amsa, sai in sunkuyar da kai in yi ta addu'a kada ya nuno ni. A shekarata ta biyu malaminmu na Hausa, Allah ya saka masa da alheri, ya tsinto ni ya sa ni cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba don ya ga wata baiwa ba, sai don ana neman wanda zai riƙe jaki. Jakin ma yara biyu ne aka lulluɓe da bargo. Labarin na wani manomi ne da ya kai masara kasuwa, dillali ya yi masa wayo, aka tafi gaban alƙali. Aikina in tsaya gefe da igiya a hannu har a tashi. Daren Asabar, ɗakin cin abinci ya cika, ana tsakiyar shari'a, sai wanda ya fito a alƙali, wani shaƙiyyin ɗan aji biyar, ya waiwayo ya nuna ni ya ce, "Kai mai jaki, a gabanka aka yi, gaya wa kotu abin da ka gani." Ba a shirya haka da ni ba. Ɗaki ya yi tsit. Ƙafafuna suna rawa, na buɗe baki na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai jakin nan ya fi ni ganin abin da ya faru, don shi aka ɗora wa buhun." Ɗaki ya ɗauka da dariya. Alƙali bai yi wata-wata ba ya ce a rantsar da jaki. Daga nan wasa ya bi hanyar da ko malamin bai san da ita ba, kuma aka fi mako ana maganarsa.

A daren nan na gano cewa mutum yana iya buɗe baki ba tare da ya san ƙarshen maganarsa ba, kuma ƙasa ba za ta tsage ta haɗiye shi ba. Ban taɓa karanta wannan a littafi ba, kuma ba a tambaye ni shi a jarrabawa ba, amma da shi nake cin abinci yau.

Yanzu ga abin da ya tayar mini da hankali. A wurin aikina an sha sa ni in zauna ina rubuta bayanin ganawar da ake yi da masu neman aiki. Nakan duba takardun kafin a shigo, kuma duk sa'ad da na ga an rubuta Bebeji, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, sai in gyara zama, na gida ya zo. Sau da yawa takardun yaron ba su da makusa. In aka tambaye shi abin da ya haddace, sai ya kwararo shi kamar an buɗe ƙofar ruwa a Tiga. Amma da zarar wani cikin masu ganawar ya kauce hanya ya ce, "To, a ce an tura ka ƙauye, ka tara mutane, suka ce ba su yarda da kai ba, yaya za ka yi?" shi ke nan, sai kai ya sunkuya, sai murza yatsu. Na taɓa ganin wani ƙanenmu, wanda na tabbata ya fi duk waɗanda suka zo ranar sanin aikin, ya tsaya shiru har shugaban zaman ya ce masa ya je, an gode. Ina rubutu hannuna yana nauyi. Na bi shi waje daga baya, a gindin bishiya ya ba ni amsar tambayar tiryan-tiryan, amsa mai ma'ana. Amma kasuwa ta riga ta tashi.

Wasu za su ce kunya ce, kuma kunya adon Bahaushe ce. Ban musa ba. To amma akwai kunya akwai tsoro, kuma mun daɗe muna sa wa tsoro rigar kunya. Yaron da ya rusuna ya gaida babba, ya saurara har a gama, sa'an nan ya faɗi abin da ke ransa cikin ladabi, ai bai rasa kunya ba.

Abin mamaki shi ne, ba mu da dalilin zama baya a wannan fanni, domin mun gaje shi. Wane ne a ɗakin nan bai yi tashe ba? Azumi ya kwana goma, an sha ruwa, sai yara su fito. Wannan ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya ranƙwafa ya zama Tsoho da Gemu, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata kuma suna can suna Mairama da Daudu, a birnin Kano kuwa Nalako yana farautar gwagware. Waƙar sananniya ce, amma abin da ke faruwa a kowane zaure daban ne. Gidan da aka yi rowa da gidan da aka yi kyauta ba magana ɗaya ake yi musu ba, kuma yaron da ya iya karanta fuskar maigida ya juya zance shi ne ke cika kwano. Babu wanda ya rubuta musu ko harafi. Haka kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu su kwaikwayi mulki. Haka wasan gauta, wanda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa har shi mai sarautar ya ga kansa a madubi. Haka 'yan kama. Kai, wanda ma ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora ya ga yadda dillali da mai kaya ke ja-in-ja, wannan ya yi fushin ƙarya ya juya zai tafi, wancan ya riƙo rigarsa, ya san cewa mutanenmu ba su rasa fasahar magana ba. Yaron da ya yi tsoho da gemu yana ɗan shekara tara, shi ne muke karɓa a aji ɗaya, mu shekara shida muna ce masa ya yi shiru ya kwafa, sa'an nan mu yi mamaki da ya kasa magana.

Manyanmu na zamani ma ta wannan ƙofa suka bi. Malam Aminu Kano ya shirya wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi da kuma lokacin da yake koyarwa, ya yi amfani da su wajen sukar zalunci da jahilci. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda har ya rasu a 2017 ba a samu mai ja da shi a fagen iya magana ba, ɗan wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta. Wannan harshe da ya je ya wakilci Nijeriya da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a dandalin wasa aka fara wasa shi. Wasannin rediyo da talabijin da iyayenmu suka tashi da su, irin na Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, da na marigayi Kasimu Yero, yawancinsu a kan ƙashin labari ake gina su, 'yan wasa su sa tsoka da bakinsu. A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake, har wata Ba'amurkiya mai suna Janet Beik ta fitar da littafi a 1987 a kan ƙungiyoyin wasan Hausa na can, irin na Damagaram, inda ta nuna yadda suke shirya dogon wasa ba tare da rubutu ba. Kuma daga ƙungiyoyin wasan dandali ne sana'ar finafinan Hausa ta fito, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta yi Turmin Danya a 1990.

To, a nan ne wani zai ce, in dai gado ne, me ya kai mu koyarwa? Ai ɗan kifi ba a koya masa iyo. Amsar ita ce ku dubi finafinan camama. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, Allah ya ba shi baiwar da ko tsayawa ya yi bai ce komai ba sai an yi dariya. Amma nawa ne suka kwaikwaye shi abin ya ƙare a ihu da zage-zage da faɗuwa ƙasa? Wasan nan-take yana da ƙa'idoji, kuma in ba a koye su ba sai ya zama hayaniya, kowa yana magana ba mai jin wani.

A jami'a ne na fara sanin cewa akwai mutanen da suka zauna suka tsara yadda ake koyar da abin. Ba fannin na karanta ba, abokin ɗakina ne ke karanta shi, ni kuwa ɗan rakiya, sai na riƙa bin sa ina ɗaukar littattafansa. A ƙasar Italiya tun ƙarni na 16 akwai 'yan wasa masu yawo gari gari, kowa da halin da ya ƙware a kai, tsohon attajiri marowaci, bara mai wayo, soja mai cika baki, su rataye jerin fitowa a bayan dandali su shiga su yi ta zuba. A Amurka wata mata, Viola Spolin, ta yi aiki da 'ya'yan baƙin haure a birnin Chicago, yaran da Turancinsu bai nuna ba kuma tsoro ya cika su. Ta lura in ta ce su yi wasan kwaikwayo sai su sandare, in kuwa ta mayar da abin wasan yara mai doka, sai su manta da kansu su sake. Ta tara dabarun ta buga su a 1963, kuma har yau da littafin ake koyarwa. Wani Baturen Ingila, Keith Johnstone, ya fitar da nasa a 1979.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ake yi a irin wannan aji, don kada a zaci tara yara ake yi a ce su ba mu dariya.

Ƙa'ida ta farko, wadda duk sauran ke rataye a jikinta, ita ce ka karɓi abin da abokin wasanka ya miƙo maka, ka ƙara naka a kai. A ce yaro ya shigo a guje ya ce, "Baba, akuyarmu ta shiga gonar Maigari!" In wanda ya fito a uban ya ce, "Wace akuya? Ai ba mu da akuya," ya kashe wasan, ya kuma kunyata ɗan'uwansa. Watakila a yi masa dariya sau ɗaya, amma ba sauran inda za a je. In kuwa ya dafe kai ya ce, "Wayyo, gonar da jiya aka yi shela a kanta? Maza kira mini uwarka, mu san ƙaryar da za mu yi," to ga labari ya miƙe, ga mutum na uku ya samu ƙofar shigowa. Abin yana da sauƙin faɗi, amma ku gwada shi da yara ku gani. Kusan kowane yaro da toshewa yake farawa, saboda "a'a" ta fi sauƙi, ba ta jawo maka nauyi. Sai an yi makonni kafin ya yarda ya bi tunanin wani. Ni kuwa da na zauna a tarurrukan ofis na shekaru, na ga manya masu furfura da har yanzu amsarsu ga kowace shawara ita ce ba mu da akuya.

Daga nan sai sauraro. Ba yadda za ka karɓi abin da ba ka ji ba. Akan zaunar da yara a da'ira su ba da labari, kowa jimla ɗaya, na kusa da shi ya ɗora. Wanda ya shagala yana shirya tasa jimlar tun kafin a zo kansa, sai ya tarar labarin ya wuce shi, an bar Riruwai an kai Falgore shi yana nan yana haƙar kuza. Akan haɗa su biyu biyu, ɗaya ya zama madubin ɗaya, duk motsin da wannan ya yi wancan ya bi, ba magana. Akan ajiye abu guda a tsakiya, buta ko sanda ko tabarma, kowa ya fito ya mai da shi wani abu dabam, ba a maimaita na wani. Sandar nan za ta zama fartanya, ta zama bindigar maharbi, ta zama sitiyarin mota, ta zama igiyar guga. Zagayen farko kowa na da abin yi. A zagaye na huɗu ne, bayan an cinye na saman, ake fara ganin abin da ke cikin kan yaro, kuma sau da yawa wanda ba ya magana a aji shi ne ke ba da mamaki.

Wanda na fi so shi ne na matsayi. A fito da biyu, dagaci da talakan da ya zo ƙara. Su yi yadda aka saba. Sai malami ya tafa hannu ya ce a ci gaba, amma yanzu dagacin ne ke jin tsoron talakan, domin talakan yana bin sa bashi, kuma ba a yarda ɗayansu ya ambaci bashin ba. Nan yaro zai gane cewa ba kalmomi kaɗai ke magana ba. Tsayuwa tana magana, inda ka ajiye idonka yana magana, shirun da ka yi kafin ka amsa yana magana. Yaron da ya san wannan ba zai shiga ɗakin ganawa kamar wanda aka kamo da kayan sata ba.

Shi kuma malami aikinsa mai wuya ne, domin sai ya ajiye jan biro. A wannan aji ba a cewa "ba daidai ba ne". In wasa ya rushe a yi dariya tare a sake. Amma akwai iyaka, kuma tun ranar farko ake shata ta: ba a wasa da addini, ba a kwaikwayon nakasar wani, ba a muzanta wata ƙabila, ba a kama sunan mutumin da ke raye a gari, ba batsa. Yara sukan yi gunaguni su ce an ɗaure su. Bayan ɗan lokaci su da kansu ke gane cewa dariyar da aka samu ta hanyar gurgunta tafiya arha ce, kowa ma ya iya.

Amfanin abin bai tsaya a kan yaron shi kaɗai ba, kuma a nan dole in yaba wa maƙwabtanmu. Ko da yake Bazazzagi abokin wasana ne, kuma ba na son ya ji na yabe shi, gaskiya ɗaya ce. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, da waɗanda suka biyo baya irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fitar da ɗalibansu daga aji suka kai su cikin jama'a. A 1977 sun yi Wasan Manoma a Soba, lokacin da gwamnati ke ta shelar shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. A 1979 suka je Maska, daga baya Bomo, ga kuma wasannin da suke yi a unguwannin Samaru. Ɗalibai su shiga ƙauye su zauna da mutane, su ji abin da ke damun su, taki ne, ko ruwa, ko gona, su dawo su ƙulla labari, su gwada shi ba rubutu, su koma su nuna a dandali, sa'an nan a zauna a tattauna. Da tafiya ta yi nisa su da kansu suka ga aibin abin: baƙi ne ke zuwa su yi wa mutane wasa a kan rayuwarsu, su hau mota su tafi. Sai suka karkata ga yin wasan tare da mutanen garin. A nan tunaninsu ya haɗu da na wani mutumin Brazil, Augusto Boal, wanda ya fito da salon da ɗan kallo ke da ikon tsayar da wasa, ya shigo fili ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya nuna yadda shi zai yi.

Na taɓa gwada wannan da kaina, ba don gwaninta ba, don dabara ta ƙare mini. An tura mu wani ƙauye a kudancin nan, kan hanyar da ta ratsa dajin Falgore, saboda famfon tuƙa-tuƙa da aka gina musu ya lalace wata da watanni, mata sun koma rafi. Aikinmu mu shawo kansu su riƙa tara kuɗin gyara. Na riƙe lasifika na yi jawabi mai tsawo a kan taimakon kai da kai. Aka gyaɗa kai, aka ce madalla, aka yi addu'a. Na san irin wannan madallar. Da yamma sai na tara samarin garin shida, na ba su labari: famfo ya lalace, mai karɓar kuɗi yana bi gida gida, kowa yana cewa kayan gwamnati ne, gwamnati ta gyara. Washegari suka yi shi a ƙofar gidan Maigari, kuma sun iya, ana ta dariya. Ana cikin haka sai wata tsohuwa daga bayan mata ta ɗaga murya ta ce, "Ku tsaya, ba haka aka yi ba." Na ce, "Iya, to yaya aka yi?" Ta ratso fili, ta karɓi matsayin matar gidan, ta dubi yaron da ke karɓar kuɗi ta ce, "Na bara da na ba ka, da na bariya, ina suke?" Dariya ta ɗauke. Ashe sau biyu ana tara kuɗin suna narkewa a hannun waɗanda aka damƙa wa. Kowa a garin ya sani, ba mai iya faɗa a gaban Maigari, sai da aka samu yaron wasa da za a faɗa wa. Ni da na zo koya musu taimakon kai da kai, ashe ba abin da ya dame su ke nan ba. A ranar aka sake kwamiti, aka sa mata biyu a ciki, aka yarda a riƙa karanta lissafi a fili. An gyara famfon. Ba zan ɓoye muku ba, na ji ya sake lalacewa bayan shekara guda, wasa ba ya ɗaure kusa. Amma rahoton da na rubuta bayan wannan tafiya shi ne na farko da na rubuta wanda na san gaskiya ce a ciki.

Saura magana mai nauyi, kuma ba zan tsallake ta ba tunda iyayenmu malamai suna zaune. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar za ta gina alƙaryar shirya finafinai a Ƙofa, nan cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi wajen naira biliyan 3. Malamai da jama'a da yawa suka tashi suka ce ba su yarda ba, suna tsoron abin da zai jawo wa tarbiyya, kuma ba a daɗe ba aka janye shirin. Har yau in aka tayar da zancen a majalisa sai an rabu biyu. Ban zo in sake wannan shari'a ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, uban da ya ji kalmar wasan kwaikwayo gabansa ya faɗi yana da dalilinsa, ya ga abin da ya gani, kuma wanda ya raina wannan tsoro ba zai je ko'ina ba. Don haka abin da nake kawowa a yi shi da rana tsaka, a cikin aji, a gaban malami, ƙofa a buɗe. Duk uban da ke so ya zo ya zauna ya kalla. A sa malamin addini na makaranta cikin masu sa ido. Ba 'yan fim za mu yaye ba. In an samu ɗaya ko biyu da Allah ya nufa da sana'ar, to gara su shige ta da tarbiyya da ƙa'ida. Sauran kuwa malaman makaranta ne na gobe, da malaman gona, da ma'aikatan asibiti, da lauyoyi, da 'yan kasuwa, waɗanda kowannensu zai wayi gari a gaban mutanen da ba su karanta takardarsa ba. Ina kuma roƙon ƙungiyoyin 'yan'uwanmu mata na makarantun yankin nan su duba wannan magana, domin abin da na gani a ɗakin ganawa ya fi tsanani a kan ƙannenmu mata.

Na tambaya, an ce mini ƙungiyar wasan kwaikwayon makarantar nan ta daɗe da mutuwa, tun da malamin da ke riƙe da ita ya bar aiki. Ba laifin kowa ba ne, malamai sun yi kaɗan, jarrabawa ta sha gaban komai. Mu kuma tsofaffin ɗalibai mun fi son abin da za a liƙa wa allo da sunanmu, ƙofa, katanga, fenti. Duk suna da kyau, na kuma ba da nawa. Amma wannan da nake roƙo ba ya cin ko buhun siminti ɗaya.

Ga abin da nake so a sa cikin ajandar kwamiti. Shugaban makaranta ya ba mu aji ɗaya da awa ɗaya da rabi a mako, bayan la'asar. A samu malami ɗaya mai sha'awa, na Hausa ko na Turanci, ƙungiya ta riƙa ba shi ɗan alawus kowane wata, ta kuma ɗauki nauyin tura shi Zariya ko Jami'ar Bayero ya ga yadda masu fannin ke yi. A riƙa yin mako guda da Hausa, mako guda da Turanci, domin yaron da ya saba kuskure cikin dariya shi ne ke sakin baki da Turanci. A fara da 'yan aji ɗaya da biyu, tun tashe bai gama fita daga jikinsu ba, kuma kada a zaɓi masu surutu kaɗai, a nemo masu riƙe jaki. A ƙarshen zango su nuna abin da suka koya ranar taron iyaye da malamai, iyaye su ba da labarin da za a yi a nan take, don su tabbatar ba hadda ba ce.

Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ta farkon kowane wata har shekara ta zagayo, da kuɗin motata. Na yi magana da mutum biyu cikin waɗanda muka yi wasa tare, ɗaya daga Ƙiru ɗaya daga Tudun Wada, sun ce suna ciki. Wanda ya fito a alƙali a daren nan ma yana zaune a ɗakin nan, na gan shi yana ɓoye fuska da hula, kuma tunda shi ya jefa ni cikin wannan magana ba da shawarata ba, na riga na rubuta sunansa ba da shawararsa ba. Takardar tana hannun sakatare, duk mai so ya ƙara nasa kafin a tashi cin abinci.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.